Jinyar yara masu naƙasa a bayan doki: amfaninta, iyakarta, da halin da ake ciki a Legas

Gajerun bidiyoyin da ke yawo a wayoyin jama'a sun shigo da wata sabuwar tambaya cikin hirar iyaye a Agege da Idi-Araba da Mile 12, musamman waɗanda Allah ya jarrabe su da ɗa mai larurar da ta hana shi zama ko tafiya ko magana a kan lokaci. A irin waɗannan bidiyoyi akan ga yaro sanye da hular kwano an ɗora shi a kan doki, mutum ɗaya na riƙe da ragama, biyu suna tafe a gefe, daga nan sai a nuno shi bayan wasu watanni ya miƙe tsaye ko yana taku. Wasu iyayen sun ɗauki abin a matsayin maganin da asibiti bai gaya musu ba, wasu kuma suna ganin wasa ne kawai na masu hannu da shuni a ƙasashen Turai. Da yake dawaki ba baƙi ba ne a Legas, ga su a Ikoyi, ga su a bakin teku a Lekki, kuma da yawa daga cikin masu kula da su 'yan Arewa ne, tambayar da ke biyo baya ita ce ko uba zai iya ɗaukar ɗansa ranar Lahadi ya kai shi a zagaya da shi, ya samu irin abin da ya gani a waya.

Kafin a amsa wannan, sai an fara rarrabe ayyukan da bidiyoyin ke cakuɗawa.

Ayyuka uku da ake yi wa kallon abu ɗaya

Na farko shi ne hawan nishaɗi, irin wanda ake yi a bakin teku ko a wuraren wasan yara lokacin bukukuwan Sallah. A biya kuɗi, a ɗora yaro, a zagaya da shi, a ɗauki hoto. Babu wanda ya duba lafiyar yaron kafin ya hau, kuma babu wata manufa da ta wuce jin daɗi.

Na biyu shi ne koyar da hawa ga masu naƙasa. A nan malamin hawa ne wanda ya samu horo na musamman ke jagorantar darasin, kuma burinsa shi ne yaro ya iya hawa gwargwadon halinsa, wato ya riƙe linzami, ya tsayar da doki, ya juya shi, ya san yadda ake share masa jiki da ba shi abinci. Ana gyara sirdi da likkafa da linzami domin su dace da jikin yaron. Ƙarfin jiki da natsuwa da yarda da kai da yaron ke samu suna zuwa ne a matsayin ribar koyon.

Na uku shi ne jinya da motsin doki, wadda likitoci ke kira hifoterafi. Wannan aikin ma'aikacin lafiya ne mai lasisi, ko dai likitan gashi, wanda aka fi sani da fisiyo, ko masanin koyar da ayyukan yau da kullum, ko masanin gyaran magana. Yaron ba ya sarrafa dokin, ba a ma koya masa hawa. Dokin ne ke motsa yaron, likitan kuma yana tsara wannan motsi domin cimma wata manufa da aka rubuta tun farko, misali yaron ya iya riƙe wuyansa, ko ya zauna ba tare da an tallabe shi ba na wasu mintuna. Galibi ba a ɗaura sirdi. Ana shimfiɗa wani siririn bargo ne a bayan dokin tare da ɗamara mai mariƙa, domin motsin da ɗumin jikin dokin su isa ga yaron kai tsaye. Mutum ɗaya na jan dokin, ɗaya ko biyu na tafe a gefe hannunsu a kan cinyar yaron ko ƙugunsa, kamar yadda zagage ke tafe kusa da dokin sarki, kuma zama ɗaya yakan ɗauki minti 30 zuwa 45.

Kusan duk amfanin da masu bincike suka auna ya fito ne daga na biyu da na uku.

Inda abin ya samo asali

Labarin da aka fi dangantawa da farfaɗowar wannan fanni shi ne na Lis Hartel, mahayiya 'yar ƙasar Denmark, wadda shan inna ya kama a 1944 tana da shekara 23, ya bar ta da shanyayyun ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa. Ta koma hawa duk da haka, kuma a gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki ta ci lambar azurfa a wasan sarrafa doki, tana fafatawa da maza masu cikakkiyar lafiya, sannan ta sake cin azurfa a 1956 a Stockholm. Nasararta ta ja hankalin likitocin gashi a arewacin Turai, waɗanda a lokacin ke fama da ɗimbin yaran da shan inna ya naƙasa. A shekarun 1960 likitoci a Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka tsara amfani da tafiyar doki a matsayin hanyar jinya.

A 1969 aka kafa ƙungiyoyi biyu da har yanzu su ne manya a fannin: Riding for the Disabled Association a Birtaniya, da wata a Amurka wadda tun 2011 ake kira PATH International, mai ba malaman hawa shaidar ƙwarewa tare da tantance cibiyoyi. A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ta kafa tata ƙungiyar a Cape Town a 1973. Wasan sarrafa doki kuma ya shiga gasar Olamfik ta masu naƙasa a Atlanta a 1996.

Abin da tafiyar doki ke yi wa jikin yaro

Larurar da aka fi yin bincike a kanta a wannan fanni ita ce shanyewar gaɓoɓi da ke tasowa daga raunin ƙwaƙwalwa kafin haihuwa ko lokacinta ko jim kaɗan bayanta, wadda likitoci ke kira serebral palsi. A duniya tana shafar jarirai kusan 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000. A Najeriya manyan musabbabanta sun haɗa da doguwar naƙuda da ke hana jariri samun iska, shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya warkewa, ba ya kuma ƙaruwa. Abin da jinya ke yi shi ne koya wa jiki da sauran sassan ƙwaƙwalwa yin aiki da abin da ya rage, da hana gaɓoɓi sandarewa.

Idan doki yana tafiya a hankali, bayansa na motsi ta fuska uku a lokaci guda: gaba da baya, hagu da dama, da kuma ɗan murɗawa. Wannan motsi ya yi kama sosai da yadda ƙugun ɗan Adam ke motsawa idan yana tafiya da ƙafafunsa. Saboda haka yaron da bai taɓa taku ba, ko wanda ke tafiya a karkace, idan ya zauna a bayan doki, ƙugunsa da gadon bayansa na karɓar tsarin motsin tafiya daidaitacciya ba tare da ƙafafunsa sun ɗauki nauyinsa ba. Wannan shi ne ginshiƙin hifoterafi, kuma shi ya sa tafiya ta hankali kawai ake buƙata daga dokin, ba sassarfa ko sukuwa ba.

Akwai kuma batun maimaitawa, wanda a ganin likitocin gashi da dama shi ne mafi muhimmanci. Doki na yin taku kusan 100 a minti guda. Kowane taku yana ɗan gusar da yaron daga tsakiya, sai tsokokin ciki da na baya da na wuya su yi aiki domin su mayar da shi. A cikin rabin sa'a, jikin yaron ya yi wannan gyara sau kusan 3,000. Duk uwar da ta taɓa kai ɗanta ɗakin gashi ta san wahalar da ake sha kafin yaro ya maimaita motsi guda sau ashirin ba tare da kuka ba. A bayan doki kuwa yaron na yin aikin ne bai san aiki yake yi ba. Ƙwaƙwalwar yaro na koyon motsi ta hanyar yawan maimaitawa, don haka wannan adadi yana da tasiri.

Likitan ba ya barin tafiyar ta zama iri ɗaya. Yakan sa a tsawaita takun dokin ko a gajarta shi, a tsaya a sake tashi, a yi da'ira zuwa dama idan ɓangaren hagu na yaron ne ake son ya yi aiki, ko akasin haka. Yakan zaunar da yaron yana fuskantar baya domin ya dogara da hannuwansa a kan ƙugun dokin, ko ya zaunar da shi a gicciye, ko ya kwantar da shi rub da ciki. Kowane zama da tsokokin da yake tasarwa. A nan ne bambanci ke fitowa fili tsakanin jinya da zagayawa: idan aka zaunar da yaro a karkace aka bar shi haka, taku 3,000 ɗin nan karkacewar za su ƙarfafa.

Yara da yawa masu serebral palsi na da taurin tsokokin cikin cinya, har ƙafafunsu kan harɗe idan aka tsayar da su. Zaman hawa yana buɗe cinyoyin a hankali na tsawon lokaci, jikin doki kuma ya ɗan fi na mutum ɗumi, yana kai wa wajen digiri 38 a ma'aunin Salsiyas, sannan rausayar tafiyar kan sa tsoka ta saki. Iyaye kan lura cewa sa wa yaro wando ko yi masa tsarki ya fi sauƙi bayan hawa, kodayake wannan sakin yakan ragu idan aka daina zuwa.

Masana gyaran magana suna shigowa ne ta wata ƙofa. Murya na dogara da numfashi, numfashi kuma na dogara da yadda ƙirji da ciki suke a miƙe. Yaron da ya fara riƙe gangar jikinsa da wuyansa yakan samu sauƙin fitar da sauti da haɗiya, dalalar da miyau ma kan ragu a wasu. Ƙari a kan haka, doki na ba yaro dalilin magana, domin idan ya ce a tafi aka tafi, ya ce a tsaya aka tsaya, ya ga amfanin kalma nan take.

Ga yara masu larurar otizim, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa tana shafar yaro kusan ɗaya cikin 100, kuma wadda ke bayyana a wahalar mu'amala da magana da maimaita ɗabi'a guda, bayanin ya bambanta. Masu aiki da su na cewa rausaya mai tsari ɗaya na kwantar da hankalin yaron da ƙara ko haske ko taɓawa ke rikita shi, kuma doki na mayar da martani ga motsin jiki ba tare da buƙatar haɗa ido ko doguwar magana ba. Wannan bayani hasashe ne mai ma'ana, amma ba a tabbatar da shi kamar yadda aka auna motsin ƙugu ba.

Abin da bincike ya nuna, da inda masana suka saɓa

Masu goyon bayan wannan jinya na da hujjoji a hannu. A 2003 wasu masu bincike a Amurka sun gwada yara 15 masu serebral palsi, aka ɗora wasu a kan doki mai tafiya na minti 8, wasu kuma a kan ganga da ba ta motsi, sai aka samu daidaituwar aikin tsokokin dama da hagu ta ƙaru a wurin waɗanda suka hau doki. A 2015 wani gwaji a Koriya ta Kudu da ya ƙunshi yara 92, inda rabinsu suka yi hifoterafi ta minti 30 sau biyu a mako na tsawon mako 8, ya nuna ci gaba a manyan motsin jiki da daidaito fiye da ɗaya rabin. Babban nazarin da Farfesa Iona Novak ta Ostireliya da abokan aikinta suka buga a 2020, wanda ya auna hanyoyin jinyar serebral palsi baki ɗaya, ya sanya hifoterafi cikin hanyoyin da ke da hujjar amfani.

A ɓangaren otizim, gwajin da aka fi ambata shi ne na Robin Gabriels ta Jami'ar Colorado, wanda aka buga a 2015. An raba yara 127 'yan shekara 6 zuwa 16 gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu suka yi darasin hawa na mako 10, wasu suka yi ayyukan barga ba tare da doki mai rai ba. Waɗanda suka hau sun nuna raguwar saurin fushi da yawan tsalle-tsalle, da ƙaruwar fahimtar mu'amala da yawan kalmomin da suke furtawa.

Masu shakka su ma ba da ka suke magana ba. Wani gwaji a Ostireliya da aka buga a 2009, a kan yara 99 masu serebral palsi da suka yi darasin hawa na mako 10, bai samu wani sauyi na a zo a gani ba a lafiyarsu ko aikin jikinsu ko ingancin rayuwarsu. Yawancin sauran binciken an yi su ne a kan yara kaɗan, na ɗan gajeren lokaci, kuma ba kasafai ake bin yaran bayan an daina hawa ba domin a ga ko amfanin ya ɗore. Akwai kuma wata matsala da ba ta da makawa: ba za a iya ɓoye wa yaro ko iyayensa cewa ya hau doki ba, iyayen da suka sa rai kuma su ne sau da yawa ke cike takardar da ake auna sauyin ɗabi'a da ita. Wani nazari na 2014 da ya duba amfani da dawaki wajen magance larurorin tabin hankali da damuwa ya kammala cewa hujjar ba ta kai a tallata shi a matsayin magani ba. Saboda irin waɗannan dalilai ne wasu manyan kamfanonin inshorar lafiya a Amurka ke ɗaukar hifoterafi a matsayin abin da ke matakin gwaji, ba sa biyan kuɗinta.

Idan aka haɗa ɓangarorin biyu, hujja ta fi ƙarfi a kan daidaiton jiki, riƙe gangar jiki da sassauta taurin tsoka, kuma ta fi ƙarfi idan likitan gashi ne ke jagoranta. Tana da matsakaicin ƙarfi a kan ɗabi'ar yara masu otizim. Babu wani bincike da ya nuna cewa hawan doki na warkar da serebral palsi ko otizim ko larurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita, take kuma jinkirta girmansa da koyonsa. Yaron da aka gani a bidiyo ya fara tafiya galibi yana karɓar wasu jinyoyin a lokaci guda, yana kuma girma, bidiyon minti ɗaya kuwa ba ya nuna waɗannan.

Yaran da bai kamata a ɗora ba sai da izinin likita

Wannan shi ne ɓangaren da bidiyoyin ba sa taɓawa ko kaɗan. Wasu yara masu larurar Down na da sakin gaɓa tsakanin ƙasusuwa biyu na farko na wuya, kuma girgiza ko faɗuwa na iya danne musu laka, abin da ke iya kai wa ga shanyewar jiki gaba ɗaya. Don haka cibiyoyin da suka san aikinsu ba sa karɓar irin wannan yaro sai likita ya duba wuyansa. Yaron da farfaɗiyarsa ba ta lafa da magani ba, ko wanda ƙashin ƙugunsa ya goce, abin da ya zama ruwan dare ga masu taurin cinya, ko mai karkacewar ƙashin baya mai tsanani, ko mai ƙasusuwa masu saurin karyewa, ko mai gyambo a mazaunai, duk ba a ɗora su. Wanda aka sa wa bututun janye ruwa daga kai, da mai asma da ƙurar barga ke tayar masa, da mai sikila, sai an yi shawara da likitansu. Ba a fara hifoterafi ga yaron da bai kai shekara biyu ba. Rigakafin tetanus, wato ciwon sarƙe-haƙora, wajibi ne ga duk mai shiga barga, domin ƙwayar cutar na zama a kashin doki da ƙasar da ya taka. Hular kwano ta hawa kuma ba abin da ake sassautawa a kai ba ne.

Dokin Sallah, dokin folo, dokin bakin teku

Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa darajar doki. Hadisi ingantacce ya zo da cewa alheri na ƙulle a makwarkwaɗar dawaki har zuwa ranar Alƙiyama, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Sanin halin doki, gane ciwonsa, da iya lallashinsa ilimi ne da ake gada a bargunan Kano da Katsina da Zazzau, kuma wannan ilimi ne ya kawo 'yan Arewa da yawa aikin kula da dawaki a Legas. Sai dai dokin da al'adar ta fi ɗaukaka shi ne akasin wanda jinya ke nema. Dokin hawan Sallah ingarma ne mai zafi, an hore shi ya yi taƙama da rawa, ya yi sukuwa ya ja birki a gaban sarki, ana sarrafa shi da linzami mai kaifi. Dokin jinya kuwa galibi dandaƙaƙƙe ne ko goɗiya, mai matsakaicin tsayi domin 'yan rakiya su iya kai hannu ga yaron, mai taku daidai ba ɗingishi, wanda ba ya firgita da ihu ko keken guragu ko ƙwallon da ya faɗo masa a wuya. A ƙasar Hausa ba a saba dandaƙe dokin hawa ba, kuma ba a cika hawan goɗiya ba, saboda haka samun irin wannan doki na buƙatar zaɓe da horo na watanni.

A Legas dawaki sun taru ne a wurare iri biyu. Akwai ƙungiyoyin masu hali, irin su Lagos Polo Club da ke Ikoyi, wadda tarihinta ya faro tun 1904, da Ikeja Saddle Club. A can akwai fili da barga da likitan dabbobi, amma wurare ne na mambobi, kuma dokin folo, wato na wasan ƙwallon dawaki, an hore shi ne ya zabura ya juya cikin ƙiftawar ido, kodayake a wasu ƙasashe akan sake horar da tsofaffin dawakin folo da suka natsu domin wannan aiki. Sai kuma dawakin bakin teku a wurare irin su Elegushi, waɗanda su ne talaka ke iya kaiwa gare su. Waɗannan suna aiki ne cikin taron jama'a da kiɗa, a kan rairayi mai zurfi da ke sauya takun doki, da sirdin da ba a yi shi don yaro ba, ba hular kwano, ba mai tafiya a gefe, kuma mai dokin yawan zagaye ne abincinsa. Yaro mai lafiya zai iya jin daɗin wannan hawa. Yaron da bai iya riƙe wuyansa ba, ko wanda farfaɗiya kan kama ba zato, haɗarin da ke ciki ya fi abin da zai samu.

Riƙon doki a Legas ma kansa ya fi na Arewa tsada. Harawa da dusa da hatsi daga nesa ake kawo yawancinsu, damshi na lalata kofato da fata, cututtukan da ƙwari ke yaɗawa sun fi yawa, fili kuma shi ne abu mafi wuyar samu a birnin. Duk wannan kan kuɗin zama ɗaya zai koma, ga albashin likita da na mai jan doki da na 'yan rakiya. A Birtaniya da Amurka da Afirka ta Kudu, abin da ya sa talaka ke iya shiga shi ne 'yan sa-kai da gudummawar jama'a ke ɗauke da mafi yawan nauyin.

Doka, kuɗi da zaɓin da ke gaban iyali

Jihar Legas na da dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2011, wadda ta kafa LASODA, ofishin kula da harkokin masu naƙasa na jihar. A matakin tarayya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa masu naƙasa bambanci a Janairun 2019, aka kuma kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Waɗannan dokoki na magana ne a kan ilimi, lafiya, aiki da shiga gine-gine. Abin da ya fi shafar wannan batu kai tsaye shi ne hukumar MRTB, mai rajistar likitocin gashi da masana gyaran magana da na ayyukan yau da kullum a Najeriya. Duk wanda ya ce yana yi wa yaro jinya, da doki ko ba da doki ba, iyaye na da damar su nemi ganin lasisinsa na wannan hukuma. Wanda ba shi da shi zai iya zama malamin hawa nagari, amma abin da yake yi darasi ne, kuma da wannan suna ya kamata ya karɓi kuɗi.

Ga iyalin da ke zaune a Agege ko Alaba Rago, lissafin ba na kuɗin hawa kaɗai ba ne. A ƙarshen 2024 an tsayar da mafi ƙarancin albashi a jihar a kan naira 85,000, yawancin 'yan Arewa mazauna birnin kuma ba ma albashi suke ɗauka ba, a kasuwa da dako da gadi suke samu. Ɗaukar yaron da ba ya tafiya daga babban yankin birnin zuwa tsibiri, inda Ikoyi take, sau ɗaya ko biyu a mako na nufin yinin uwa ko uba ya tafi a cunkoson hanya, kuma gwaje-gwajen da suka nuna amfani duk sun ginu ne a kan zuwa a kai a kai na mako 8 zuwa 10. Hawa ɗaya a wata ba ya cikin abin da aka auna. Idan kuɗin hawa zai cinye na maganin farfaɗiya, ko na takalmin gyaran ƙafa, ko na zuwa ɗakin gashi a asibitin ƙashi na Igbobi ko asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja, to an sayar da abin da hujjarsa ta fi ƙarfi an sayi wanda bai kai shi ba. Ga yara masu otizim, sashen yara na asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da ke Oshodi na daga cikin wuraren da ake tantance larurar kafin a yi maganar kowace irin jinya.

Wani ɓangare na abin da doki ke bayarwa ana iya samunsa ba tare da doki ba. Likitocin gashi na amfani da babban ƙwallon roba da matashi mai siffar ganga domin zaunar da yaro a buɗe da rausayar da shi, kuma suna koya wa iyaye yadda za su ci gaba da yi a gida kullum. An kuma ƙera injina masu kwaikwayon tafiyar doki, waɗanda aka gwada a Koriya ta Kudu da wasu ƙasashe aka samu amfani a daidaiton zama, kodayake ba su da ɗumin dabba ko jan hankalin da take yi wa yaro.

Kafa cikakken shiri a Legas zai buƙaci haɗa ɓangarori uku da a yanzu kowanne ke zaman kansa: barga da za ta ware doki biyu ko uku da wasu sa'o'in safiya kafin rana ta yi zafi, sashen gashi na asibiti da zai tantance yara ya rubuta manufar kowanne ya kuma auna ci gabansa, da makarantun yara masu buƙata ta musamman irin su Atunda-Olu da ke Surulere ko gidan Modupe Cole da ke Akoka, waɗanda za su iya kawo yara rukuni-rukuni a mota ɗaya, abin da zai rage wa iyaye nauyin sufuri. Masu kula da dawaki 'yan Arewa su ne suka fi dacewa da aikin jan doki a irin wannan shiri, idan aka ƙara musu horo a kan riƙe taku ɗaya na rabin sa'a, tsayawa da zarar likita ya yi alama, da yadda ake sauke yaro cikin gaggawa idan farfaɗiya ta taso masa a kan doki.